Tambayoyi da Amsoshi Kan Kafa Filin Gwajin Harbi a Gona a Yankin Asante

Cikin mutanenmu na zangunan Kumasi akwai masu gonaki a bayan gari, wasu ta hanyar Offinso, wasu ta Mampong har zuwa Ejura, kuma daga cikinsu akwai masu bindigar farauta da lasisinta waɗanda ke son wuri a gonarsu inda za su riƙa gwada hannu su koyi saiti. Amsoshin da ke ƙasa duka a kan ma'auni ɗaya aka gina su, wato kowane harsashi da ya bar bakin bindigarka dole ne ya ƙare a cikin ƙasar da ka tanadar masa, a cikin iyakarka. Filin da ba zai iya cika wannan sharaɗi ba bai dace da harbi ba, komai kyansa da komai nisansa da gari.

Ina da lasisin bindiga, gonar kuma tawa ce. Wannan bai wadatar ba?

Bai wadatar ba. Lasisin da 'yan sandan Gana ke bayarwa izini ne ga mutum ɗaya ya riƙe bindiga ɗaya da aka rubuta lambarta, ana kuma sabunta shi duk shekara. Bai ƙunshi izinin mai da gona wurin da ake taruwa ana harbi ba. Dokokin da ke kula da makamai a ƙasar nan sun haɗa da dokar makamai da harsasai ta 1962, mai lamba 118, da wadda gwamnatin soja ta kafa a 1972, da gyare-gyaren da aka yi a 1996 da 2001. Sashe na 192 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya sa riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba cikin laifuka mafi nauyi, saboda haka wanda lasisinsa ya ƙare bai sabunta ba ya fara gyara wannan tukuna kafin ya yi zancen fili.

Abin da ya kamata shi ne ka rubuta takarda zuwa ga kwamandan 'yan sanda na gundumar da gonar take, ka bayyana inda filin yake, da irin bindigar da za a harba, da waɗanda za su riƙa zuwa, ka nemi a zo a duba wurin a kuma ba ka amsa a rubuce. Sashen rajistar bindigogi yana ƙarƙashin 'yan sandan ciki a hedikwatarsu da ke Akra, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce kuma ke bisa al'amarin makamai baki ɗaya, don haka kada ka yi mamaki idan aka ce sai takardarka ta je can. Akwai kuma hukumar ƙasa mai kula da ƙananan makamai, wadda aka kafa da doka mai lamba 736 a 2007, ana iya neman bayani wurinta. Amsar baki daga wani jami'i da kuka saba ba za ta tsaya maka ba ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko ranar da wani abu ya faru.

Ban da 'yan sanda, wa kuma zan sanar?

Farko masu ƙasa. Yawancin filayen Asante na kujerun sarauta ne, kuma abin da yawancinmu ke kira saye haya ce ta shekaru da aka bayar don wani amfani, galibi noma. Wanda aka ba ƙasa don koko ko masara, ya wayi gari yana harbi a cikinta ba tare da sanin odikro, wato mai garin ƙauyen, da sarkin da ya ba shi ba, ya buɗe wa kansa ƙofar rigima, musamman kasancewarsa mutumin zango a ƙasar da ba ta kakanninsa ba. Ka je da kanka, da rakiyar wani dattijo da suka sani, ka bayyana niyyarka, ka kuma tabbatar takardun filin suna da rajista a hukumar filaye kamar yadda dokar ƙasa ta 2020 ta tanada.

Bayan nan sai majalisar gunduma, domin canza amfanin fili da tara tudun ƙasa mai tsawon mita da yawa aiki ne da ya shiga hurumin sashen tsara ƙasa, bisa dokar 2016 mai lamba 925. Hukumar kare muhalli, wadda aka fi sani da EPA, ita ma tana da ta cewa kan ƙara da dalma. Sai kuma maƙwabtan gona ɗaya bayan ɗaya, da ɗan majalisar unguwa, da shugaban makiyayan yankin idan akwai su. Wannan zagayen yana cin lokaci, amma a cikinsa ne za ka ji labarin turbar da yara ke bi zuwa rafi, wadda babu taswirar da ta nuna ta.

Eka nawa ake bukata?

Wannan ita ce tambayar da ke kashe yawancin shirye-shirye, kuma gara ta kashe su tun a takarda. Mutane suna auna fili da nisan da ke tsakaninsu da abin bara, mita 25 ko 50, alhali abin da ya kamata a auna shi ne nisan da harsashi zai yi idan ya kuskure komai. Ƙaramin harsashin nan mai lamba .22, wanda ake rainawa, yana kai wajen kilomita 1.5. Na ƙaramar bindigar hannu mai milimita 9 yana kusantar kilomita 2. Na babbar bindiga mai milimita 7.62 yana kai wajen kilomita 4. Bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi ita ce mai sauƙi: ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu suna faɗuwa tsakanin mita 200 da 300, amma manyan ƙwayoyi suna wuce mita 500, dunƙulallen harsashi ɗaya kuwa yana iya kusantar kilomita 1.

Yanzu a kwatanta da gona. Fili mai eka 10, idan murabba'i ne, kowane gefensa mita 200 ne kawai. Ke nan manomin da ke ganin yana da babbar gona ba shi da ko wurin da ƙananan ƙwayoyi za su sauka a cikin iyakarsa idan ya harba sama. Saboda haka ne ba a dogara da faɗin fili kaɗai, sai an gina abin da zai tare harsashi, a kuma tabbatar cewa bayan wannan abin, iya nisan da harsashin ke iya kaiwa, babu ƙauye, babu bukkar masu aikin koko, babu hanya, babu makaranta, babu ramin 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. A kewayen Kumasi, inda ƙauyuka ke kusa da juna kuma gari ke ta cin gonaki, irin wannan wuri yana da wuyar samu ƙwarai. Wajen Ejura ƙasa ta fi sarari, sai dai ta fi shimfiɗa kuma shanu sun fi yawa. A ganina, wanda gonarsa ba ta da tudu na halitta a bayanta ya taƙaita ga bindigar farauta da ƙananan ƙwayoyi, ko ya haƙura da shirin gaba ɗaya.

Bayan gonata daji ne mai duhu. Itatuwa ba za su tare harsashi ba?

Ba za su tare ba. Harsashi yana ratsa tsakanin itatuwa, wanda ya goga jikin icce kuma yakan karkata ya nufi inda ba a zata ba. Duhun daji ma ƙarin haɗari ne, domin yana ɓoye maka mafarauci, da mai neman itace, da mai tatsar kwakwa, waɗanda da fili ne buɗaɗɗe da ka hango su.

To yaya ake gina abin tare harsashin?

Ganuwa ce ta ƙasa zalla. Ma'aunin da masu gina irin waɗannan filaye a Amurka suka saba bayarwa shi ne tsawon ƙafa 20, wato mita 6, ga ganuwar da ke bayan abin bara, da ƙafa 8 ga ganuwoyin gefe biyu waɗanda ke tare harsashin da ya kauce dama ko hagu. Ƙasa ba ta tsayuwa a miƙe, tana kwanciya ne da gangare na kusan digiri 30 zuwa 35, saboda haka ganuwa mai mita 6 za ta ci wajen mita 20 a gindinta. Aikin katafila ne da tifa, ba na shebur da baro ba, kuma wanda ya ga kuɗin ya yi masa yawa ya sani cewa nan ne ainihin kuɗin filin yake. Rumfa da benci da fenti duk ana iya jinkirta su.

Akwai matsala ta musamman a ƙasarmu. Jar ƙasar Asante cike take da marmara da tsakuwa, kuma harsashin da ya bugi dutse yakan yi tsalle ya tashi sama ko ya dawo baya. Ana iya tara cikin ganuwar da kowace irin ƙasa, amma fuskar da ke kallon mai harbi dole a lulluɓe ta da ƙasa mai laushi ko yashi da aka tankaɗe, kaurin kusan mita 1, babu dutse, babu ɓaraguzan gini, babu guntun ƙarfe. A daddanne ƙasar hawa-hawa yayin tarawa, a kuma ƙara tsawo sama da abin da ake so, domin sabuwar ganuwa tana zama bayan damina ɗaya. Kumasi na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara cikin damina biyu, kuma tudun da aka bari tsirara zai zaizaye nan da nan. A dasa kirikiri a fuskarsa, a dasa jema a gindinsa da bayansa domin saiwarta na riƙe ƙasa, a haƙa magudana ta kewaye shi.

Wurin kafa abin bara ma yana da muhimmanci kamar ganuwar kanta. A kafa shi dab da gindin ganuwa, a tsawon da harsashin da ya huda shi zai shige tsakiyar ganuwar ko ƙasa da tsakiya. Idan aka ajiye shi a ƙasa a tsakiyar fili, harsashi zai bugi ƙasa a kwance ya yi tsalle, kuma irin wannan ne ke tsallake ganuwa. Mai son harbi daga mita 25 yau, mita 50 gobe, shi ne zai ja da baya, abin bara ya zauna inda yake.

Idan Allah ya sa gonar na da tudu mai tsayi a cikin iyakarka, an sami rabin aiki, amma sai an hau an ga abin da ke bayansa, an kuma gyara fuskarsa kamar yadda aka faɗa.

Tsofaffin tayoyi, bulo ko suri fa, ba za su rage kuɗi ba?

Bulo da siminti suna farfashewa su watso ɓarɓashi. Tayoyi suna da waya a cikinsu, suna mai da ƙananan ƙwayoyi baya, suna tara ruwa sauro ya hayayyafa, suna kuma cin wuta. Ana iya cika su da ƙasa a binne su can cikin ganuwa, muddin ba sa fitowa a fuskarta. Suri yana da tauri a waje da ramuka a ciki, kuma bai kai girman da ake bukata ba. Buhunan yashi suna da amfani a matsayin ƙari a inda harsasai suka fi faɗawa, sai dai rana tana cinye su cikin 'yan watanni.

Wace fuska ya kamata filin ya kalla?

Abin da ke bayan ganuwa shi ne ke yanke hukunci. Idan fuskoki biyu sun yi daidai wajen aminci, a zaɓi arewa ko kudu, domin mai kallon gabas ko yamma rana za ta shiga idonsa da safe ko da la'asar. Kada layin harbi ya ratsa kan rafi ko tafki ko dutse shimfiɗaɗɗe, domin harsashi yana tsalle a kan ruwa kamar yadda yake yi a kan dutse, kada kuma ya nufi wayoyin wutar lantarki.

Me za a sa a matsayin abin bara?

Takarda ko kwali a jikin firam na katako, shi ne mafi aminci kuma mafi arha. Kwalba, dutse, gwangwani a ƙasa, tsohuwar tukunyar gas da ganga duk a nisance su. Da yawa za su yi tunanin zuwa Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai ta Kumasi, a yanko musu farantin ƙarfe, amma ƙarfen gama-gari yana lotsawa ya yi ramuka, ramukan nan kuma su ne ke tofo ɓarɓashin harsashi zuwa ga mai harbi. Ƙarfen da ake bara da shi na musamman ne mai tauri ƙwarai, ana rataye shi a sunkuye don ɓarɓashi ya faɗi ƙasa, ba a kuma kusantarsa ƙasa da mita 10 da bindigar hannu, ko mita 100 da babbar bindiga.

Dabba mai rai ba abin gwajin saiti ba ce. Hadisi ingantacce a cikin Muslim ya hana a riƙi abu mai rai abin bara. Farauta kuma babinta daban, da lasisinta daga sashen namun daji na hukumar gandun daji, da lokacin da aka rufe ta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba.

Yaya zan hana mutane da dabbobi shiga?

Da shinge, da alamu, da magana. A kewaye filin har bayan ganuwa da waya, a bar ƙofa ɗaya mai kwaɗo a bayan masu harbi. A kafa alluna a kowace turba, a rubuta gargaɗi da Turanci da Tuwi da Hausa, a zana hoton bindiga saboda wanda bai yi karatu ba da yaro ƙarami. A ɗaga jar tuta a doguwar sanda duk lokacin da ake harbi, a sauke ta da zarar an gama, domin tutar da ke sama kullum ba ta gaya wa kowa komai. A tsayar da ranaku da sa'o'i sanannu, a sanar da su a ƙauye, a kauce wa ranar kasuwa da ranakun jana'iza da lokacin ibada. Kafin harbin farko a kowace rana, wani ya taka da ƙafa ya zagaya bayan ganuwa ya dawo.

Sha'anin makiyaya yana son kulawa ta daban. Kowa ya san abin da rikicin manoma da makiyaya ya jawo a yankin Agogo, kuma a wuri irin wannan ƙarar bindiga kaɗai tana iya ta da hankalin mutane, balle a ce saniya ta faɗi. Filin da ke kusa da burtali ko mashayar shanu a bar shi.

Waɗanne ƙa'idoji ake bi ranar harbi?

Kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin mai harsashi a ciki. Bakinta kada ya kalli komai sai ganuwa. Yatsa kada ya taɓa kunama sai an yi saiti an yi niyyar harbi. Mai harbi ya san abin da yake bara da abin da ke bayansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, hadisin yana cikin Buhari da Muslim, kuma bai ware wasa ko bindigar da aka ce babu komai a cikinta ba.

Mutum ɗaya ne zai shugabanci fili a rana, shi ba ya harbi yayin da yake lura, kuma maganarsa ce ake bi ko da akwai wanda ya girme shi. Amma kalmar "a tsaya" kowa na da ikon faɗinta, har ƙaramin cikinsu. Ba mai zuwa duba abin bara sai an cire harsasai, an buɗe bindigogi an ajiye su a haka, kowa ya ja baya daga benci. Babu harbi bayan magariba, babu harbi ga wanda ya sha wani abu mai gusar da hankali.

Idan na ja kunama harsashi bai tashi ba fa?

Ka ci gaba da riƙe bindigar tana kallon ganuwa har daƙiƙa 30 ko fiye, domin wani harsashin yakan yi jinkiri sannan ya tashi, musamman wanda ya sha laima. Idan kuma ƙarar ta fito a raunane, ka tsaya, ka cire komai, ka leƙa bututun daga baya, domin wani abu na iya maƙalewa a ciki, harbi na biyu a kansa kuma yana fasa bindiga a hannun mai ita.

Me ya sa ake damuwa da dalma?

Domin harsashi da dalma ake yinsa, kuma kowane wanda aka harba yana nan a cikin ƙasarka. Mu Hausawa mun ga abin da dalma ke yi: a 2010 gubarta daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Filin mutum ɗaya ba zai kai wannan ba, amma gubar ɗaya ce, tana taruwa a jiki, tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu adadinta da likitoci ke ɗauka marar lahani ga ƙananan yara. Ƙasar kurmi tana da tsami, ga yawan ruwa, abubuwan biyu kuma suna narkar da dalma su tura ta cikin ruwa.

Saboda haka ganuwa ta yi nesa da rijiya da rafi da fadama. Kada a shuka rogo, mankani, ayaba ko ganye a kanta ko a gindinta, kada a bar kaji da awaki su yi kiwo a wurin. Barbaɗa farar ƙasa ta noma yana rage tsamin ƙasa ya rage narkewar dalma. Lokaci-lokaci a jiƙa fuskar ganuwar, a tankaɗe ta a fitar da harsasan, a zuba su a mazubi mai murfi a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, kada a narka su a gida. Ba a ci ba a sha a kan layin harbi, a wanke hannu da sabulu kafin abinci, kayan da aka sa kuma a wanke su daban da na yara. Mai juna biyu kada ta zo filin.

Kunne da ido fa?

Ƙarar bindiga tana wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, harbi ɗaya yana iya yi wa ji lahanin da ba ya warkewa. Duk wanda ke wurin, har mai kallo, ya toshe kunne da abin toshewa na gaskiya, in so samu ya ɗora marufin kunne a kai. Auduga ba ta isa ba. Tabarau mai ƙarfi irin na ma'aikata shi ma wajibi ne.

Hunturu yana canza wani abu?

Ƙwarai kuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ciyawa ta bushe, tartsatsi ɗaya daga harsashin da ya bugi dutse ko ƙarfe yana ta da gobara, wuta kuma idan ta shiga gonar kokon maƙwabci an yi asarar shekaru. Dokar hana gobarar daji ta 1990 tana hukunta wanda ya jawo ta. A share ciyawa a kewaye ganuwa, a ajiye gangar ruwa da bokitai, ranar da iska ta yi ƙarfi ko hazo ya hana ganin nesa a fasa harbin. Bayan kowace damina kuma a auna tsawon ganuwa a cike inda ta zaizaye.

Zan iya gayyatar abokai, ko in karɓi kuɗi?

Aboki mai lasisinsa da bindigarsa, wanda ka sa sunansa a takardar da ka kai wa 'yan sanda, wannan a fili yake. Miƙa bindigarka ga wanda ba shi da lasisi kuwa, ko ɗanka ne, ka tambayi hukuncinsa a rubuce kafin ka yi. Karɓar kuɗi ya mai da wurin sana'a, da rajistarta da inshorarta da izininta na daban. Ka kuma yi hattara da wanda kake koya wa harbi. Dokar 2019 mai lamba 999 ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa da masu gadin filaye da makami, kuma gonar da aka ga samari suna taruwa suna atisaye a cikinta ba za a yi mata kyakkyawar fassara ba. Ka ajiye littafi, duk wanda ya zo a rubuta sunansa da lambar lasisinsa da ranar zuwansa.

Idan tsautsayi ya faɗa, me za a yi?

A shirya masa tun kafin ya zo. Kada mutum ya je harbi shi kaɗai. Mota ta kasance a kusa, gabanta na kallon hanya, makulli a jiki. A san inda waya ke kamawa a gonar, a san asibitin gunduma mafi kusa da mintocin da ake yi kafin a kai, domin daga gonakin Ejura zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye tafiya ce mai nisa ga mai zubar jini. Lambar gaggawa ita ce 112. Akwatin taimakon farko ya ƙunshi bandeji mai yawa, da safar hannu, da maɗaurin tsayar da jini, kuma aƙalla mutum biyu su koyi amfani da su wurin ma'aikacin lafiya. Idan an sami rauni, a sauke dukkan bindigogi, a danne wurin da ƙarfi ba sassautawa, idan hannu ne ko ƙafa jinin kuma ya ƙi tsayawa a ɗaure sama da raunin a rubuta lokacin, kada a yi ƙoƙarin ciro harsashi, kada a ba shi abinci ko ruwa. Wani ya kira 'yan sanda yayin da ake hanyar asibiti, a bar filin yadda yake har su zo su gani.